Na'urar hasashen farfaɗiya tana tafe, amma kada a yi cinikin biri a sama

Duk wanda ya zauna da mai ciwon farfaɗiya ya san cewa bugun kansa ba ya daɗewa. Yawanci minti ɗaya ne zuwa biyu, sai jiki ya saki, mutum ya yi barci ko ya farfaɗo a gajiye. Abin da ke cin rai shi ne sauran kwanakin, domin ba wanda ya san ranar da ciwon zai sake tashi. Saboda wannan rashin sani ne ake hana yarinya zuwa rijiya, a hana saurayi hawa babur, a hana matar aure kusantar murhu idan ba kowa a gida, wani yaron ma a cire shi daga makaranta ɗungurungum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Shi ya sa labarin agogo, ko wani ɗan abin maƙalawa a kunne, da zai yi ƙara kafin ciwon ya tashi yake saurin shiga ran mutane. Iyalin da suka shekara goma cikin fargaba za su iya sayar da fili su saya. Binciken da ake yi a kan haka na gaske ne, kuma ya yi nisa. Amma har yanzu babu wata na'urar sawa a jiki da manyan gwaje-gwaje suka tabbatar da ita har likita zai ce wa majiyyaci ya dogara da gargaɗinta. Duk mai sayarwar da ya yi wannan alkawarin a yau ya riga masu binciken isa inda su ba su kai ba. Matashin da 'yan gida ke tambaya "wace ce mai kyau?" saboda shi ne ya san harkar waya, shi ya fi kowa buƙatar sanin haka.

Ganowa daban, hasashe daban

Akwai aiki biyu da talla ke cakuɗawa da gangan. Na farko shi ne na'ura ta gane cewa ciwon ya riga ya tashi, ta kira wani. Na biyu shi ne ta faɗa tun kafin ya tashi. Na farko yana kasuwa, an kuma gwada shi. Na biyu ne ake ta fafutuka a kai.

Misalin na farko shi ne agogon Embrace na kamfanin Empatica, wanda Farfesa Rosalind Picard ta jami'ar MIT tana cikin waɗanda suka kafa shi. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi ga manya, a 2019 kuma ta faɗaɗa amincewar zuwa yara daga shekara 6. Agogon ba ya sauraron ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Motsin hannu yake aunawa, da yadda fata ke canza wucewar lantarki idan zufa ta tsatso. Idan ya ga jijjiga mai tsari irin ta babban bugu, sai ya aika wa wayar mai shi ta Bluetooth, wayar kuma ta kira waɗanda aka saka lambarsu, ta tura musu saƙo da wurin da mutumin yake. A Holan ma akwai NightWatch, wanda ake ɗaurawa a damtse da dare, yana bin bugun zuciya da motsi.

Wannan aiki ba ƙarami ba ne. Akwai mutuwar fuju'a da ke ɗaukar masu farfaɗiya, likitoci na kiranta SUDEP, kuma tana samun kusan mutum 1 cikin manya 1,000 masu ciwon a kowace shekara. Ta fi faruwa da dare, bayan babban bugu, ga wanda yake kwance shi kaɗai. Idan akwai wanda zai zo ya juya shi ta gefe ya duba numfashinsa, haɗarin yana raguwa. Ga ɗalibin da ke kwana shi kaɗai a ɗakin haya, irin wannan agogo na iya zama sanadin tsira.

Sai dai yana da iyaka. Babban bugu mai jijjiga kawai yake kamawa. Farfaɗiyar da mutum ke ƙura wa waje ɗaya ido, ko ya riƙa taunar baki yana wasa da rigarsa bai san inda yake ba, wannan takan wuce ba tare da agogon ya ce uffan ba. Haka kuma motsi mai maimaituwa, kamar goge haƙori, kan sa irin waɗannan na'urori su yi ƙarar banza. Mai karatu ya kwatanta abin da daka a turmi, ko wankin hannu, ko tafiya a kan babur a hanyar da ta lalace za su yi wa sensar motsi. Ga kuma kuɗin wata-wata da ake biya da dala, ga buƙatar caji da data da sabis a kowane dare.

Wahalar sauraron ƙwaƙwalwa daga waje

Farfaɗiya lantarkin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa: tarin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su riƙa harbawa tare fiye da ƙima. Gwajin da ke nuna wannan lantarki shi ne EEG, wanda likitan Jamus Hans Berger ya fara ɗauka a jikin mutum a 1924, ya wallafa sakamakon a 1929. A asibiti ana manna ƙananan maɓallan ƙarfe kusan 20 a fatar kai, a ɗauki bayanai na kamar rabin awa. Matsalar ita ce a cikin wannan rabin awa ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya na iya nuna komai lafiya lau. Daga nan tunanin EEG da za a yi yawo da shi ya samo asali.

Kamfanoni irin su Byteflies na Beljiyam da Epitel na Amurka sun ƙera 'yan ƙananan na'urori da ake liƙawa a bayan kunne ko a fatar kai na kwanaki. UNEEG na Denmak da Epiminder na Ostireliya kuma sun ɗauki wata hanyar: ana yin ƙaramar tiyata a tura siririyar waya ƙarƙashin fatar kai, a saman ƙoƙon kai, ta yi watanni tana ɗauka. Babban aikin waɗannan a yanzu shi ne ƙirga bugu da taimaka wa likita ya san ko magani na aiki. A Sifaniya akwai kamfanin MJN da ke da na'urar kunne wadda ya ce tana yin gargaɗi 'yan mintoci kafin bugu. Ƙoƙari ne mai kyau, amma abin da kamfani ya faɗa a kan kayansa sai an jira masu bincike da ba ruwansu da cinikin sun gwada shi a kan mutane da yawa na tsawon lokaci.

Dalilin wahalar a fili yake. Batirin waya yana da kusan volt 4. Lantarkin ƙwaƙwalwa da ke isowa fatar kai ana auna shi ne da kashi ɗaya cikin miliyan na volt, domin ƙoƙon kai ya riga ya dusashe shi. Tauna, ƙifta ido, magana da ɗaure fuska duk suna fitar da lantarkin da ya ninka na ƙwaƙwalwa ƙarfi. Kamar mutum ne ya tsaya bayan katanga yana son jin raɗar da ake yi a ɗaki alhali janareta na aiki a tsakar gida. Na'urar bayan kunne kuma ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kusa da ita take ji, idan ciwon daga wani sashe yake tasowa tana iya rasa shi.

Akwai wani batun da ya shafi baƙar fata kai tsaye. An tsara maɓallan EEG ne da gashi mai santsi a zuciya, don haka sukan kasa zama a kan fata idan gashi mai kauri ne mai murɗewa. A 2020 wata ɗaliba a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Arnelle Etienne, tare da abokan aikinta, sun fito da mafita da kowace mai kitso za ta gane nan take: a yi kitso a jere yadda tsagar za ta buɗe wuraren da ake son aunawa, sannan a maƙala maɓallan da wani ɗan maƙali da suka kira Sevo. A shekarar ce kuma masu bincike a jami'ar Michigan suka nuna cewa na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa ta fi yin kuskure ga baƙar fata. Agogon zamani ma da haske yake auna bugun zuciya. Don haka tambayar "a kan su wa aka gwada?" tana da muhimmanci, haka ma tambayar ko gam ɗin da ke riƙe na'urar zai jure zufar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri.

Gwajin Melbourne

Hujja mafi ƙarfi cewa hasashen yana yiwuwa ta fito ne daga Ostireliya. A 2013 mujallar Lancet Neurology ta wallafa sakamakon gwajin da Farfesa Mark Cook ya jagoranta a birnin Melbourne, da na'urar kamfanin NeuroVista na Amurka. Mutum 15 ne suka shiga, dukkansu masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani. An buɗe ƙoƙon kai aka shimfiɗa maɓallai a kan ƙwaƙwalwar kanta, aka ja waya zuwa wata na'ura da aka dasa a ƙirji, ita kuma tana aika bayanai ga wani ɗan akwati da majiyyaci ke riƙewa. Jan fitila na nufin haɗari ya yi yawa, fara matsakaici, shuɗiya kuma haɗari kaɗan.

Ga wasu daga cikinsu abin ya yi aiki ƙwarai, ga wasu kuma bai yi ba. Kowane mutum sai da aka yi watanni ana tara bayanansa kafin a horar da tsarin lissafin da ya dace da ƙwaƙwalwarsa shi kaɗai. Gwajin ya kuma tono wani abu da ya girgiza likitoci: yawan bugun da majiyyata ke rubutawa a littafinsu ya sha bamban da wanda na'urar ta ɗauka, domin mutum kan yi bugu da dare ko ya manta da wanda ya yi.

Ƙarshen labarin ya kamata kowane mai son kayan fasaha ya riƙe shi. Kuɗi ya ƙare wa kamfanin, ya rufe, aka cire na'urorin daga kan majiyyatan. Wata mata daga cikinsu, wadda takan sha maganin gaggawa da zarar ta ga jan fitila, ta shaida wa 'yan jarida daga baya cewa ba da son ranta aka cire ba. Duk wanda ya taɓa ganin manhajar da yake so ta ɓace daga Play Store ya san ɗan ƙaramin nau'in wannan takaici. Idan lafiyar mutum ta rataya a kan sabar wani kamfani, ranar da aka kashe sabar ba za a tambaye shi ba.

Ranakun haɗari, kamar hasashen damina

Abin da ya fi ba da fata a 'yan shekarun nan shi ne gano cewa farfaɗiya tana da zagaye. A 2018 Maxime Baud da Vikram Rao na jami'ar California da ke San Francisco sun duba bayanan shekaru daga mutum 37 da aka dasa wa na'urar NeuroPace a ƙoƙon kai. Sun ga cewa rikicin lantarkin yana hawa yana sauka bisa zagayen kwanaki, galibi tsakanin kwana 20 zuwa 30, ga maza da mata duka, kuma bugu ya fi zuwa ne lokacin da zagayen ke hawa. Philippa Karoly da abokan aikinta a Melbourne sun samu makamancin haka a bayanan da majiyyata suka shigar da kansu: wani ciwonsa ya fi tashi da asuba, wani kuma yana da zagayen mako. Iyayen da ke cewa ciwon ɗansu yana da lokacinsa ashe sun daɗe da lura da abin da na'ura ta zo ta tabbatar.

Wannan ya canza tambayar. Maimakon a ce wa mutum "nan da minti biyar za ka faɗi", sai a ce masa yau da gobe haɗarinsa ya ninka na sauran kwanaki. Daidai yake da hasashen yanayi na hukumar NiMet. Idan an ce akwai yiwuwar ruwa, ba lallai ne a yi ba, amma mai hankali ba zai shanya hatsi ya tafi kasuwa ba. A 2021 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun gwada wannan da na'urar ɗaurawa a hannu a kan mutum 6, suka ga hasashen ya fi cankar kai ga 5 daga cikinsu, da gargaɗin kusan rabin awa. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa. Amma mutum 6 ne, kuma "ya fi canka" yana da nisa da "za a iya tuƙi a kansa".

Tarkon kashi 99

Duk wanda ke koyon rubuta manhaja zai ci karo da muƙalu da bidiyoyi masu cewa fasahar AI ta yi hasashen farfaɗiya da daidaiton kashi 99 cikin 100. Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna inda gizo ke saƙar. A ɗauka mutum yana yin bugu sau 2 a wata. Wata yana da awa 720. A rubuta manhaja mai layi ɗaya wadda a kowace awa take cewa "babu komai". Za ta yi daidai a awa 718 cikin 720, wato kashi 99.7, alhali ba ta kama bugu ko ɗaya ba.

A juya ta ɗaya gefen. Na'ura ta kama bugun biyu duka, amma tana ƙarar banza sau ɗaya a rana. A ƙarshen wata ta yi ƙara sau 32, biyu ne kawai na gaske. Kafin a yi sati uku mai ita ya daina kula ta, kamar yadda unguwa ke daina waiwayar motar da ƙararrawarta ke tashi kullum. Saboda haka alƙaluman da ke da amfani uku ne: kashi nawa na bugu ta kama, sau nawa take ƙarar banza a rana, kuma awa nawa na yini mutum ke yi a cikin "jan fitila". Na'urar da ke riƙe mutum cikin gargaɗi rabin yini za ta kama rabin bugunsa ko da caca take yi.

Akwai kuma batun bayanan da ake horarwa da su. Da yawa daga waɗannan muƙalu suna amfani ne da tarin bayanan CHB-MIT, wanda aka ɗauka daga yara ashirin da 'yan kai da ke kwance a asibitin yara na Boston, bayan an janye musu magani don ciwon ya tashi. Rayuwar gadon asibiti ba ita ce ta ɗan kasuwar Kwari ba. Wasu kuma suna yanka bayanan mutum ɗaya su cakuɗa, su horar da tsarin da wani ɓangare su gwada shi da maƙwabcinsa, kamar ɗalibin da ya ga takardar jarabawa tun daren jiya. Tun a 2007 Florian Mormann na jami'ar Bonn da abokansa suka yi bitar wannan fanni a mujallar Brain, suka nuna cewa sakamakon farko masu daɗin ji ba su tsaya ba da aka sake gwada su da tsauraran ƙa'idoji. Gasannin da aka yi a dandalin Kaggle a 2014 da 2016 sun ƙara tabbatar da cewa ana iya fin canka, amma nasarar ta bambanta sosai daga majiyyaci zuwa majiyyaci.

Shuɗiyar fitila ta fi ja haɗari

An fi maganar ƙarar banza, amma kuskuren da ke kisa shi ne na ɗaya ɓangaren. Na'ura ta ce yau lafiya, saurayi ya hau babur ya ɗauki ƙanwarsa, ko yarinya ta sunkuya bakin rijiya, ko a shiga rafi wanka. Ƙuna da nutsewa a ruwa suna cikin manyan abubuwan da ke nakasa masu farfaɗiya ko su kashe su a Afirka. Mafi muni kuma shi ne iyali su ga an kashe kuɗi mai yawa a kan na'ura, su ɗauka ta maye gurbin ƙwaya. Daina shan maganin farfaɗiya kwatsam yana iya jawo bugun da ba ya tsayawa, wanda ke iya kai mutum lahira. Babu agogon da ke hana bugu. Magani ne ke hanawa.

Sannan ina bayanan suke zuwa? A wurin da har yanzu ake fasa aure ko a sallami ma'aikaci saboda an ji yana da farfaɗiya, jerin ranakun da mutum ya faɗi sirri ne mai nauyi. Ƙasar Chile ta saka kare bayanan ƙwaƙwalwa a kundin tsarin mulkinta a 2021, kuma a 2023 kotun ƙolin ƙasar ta umarci kamfanin Emotiv ya goge bayanan ƙwaƙwalwar wani tsohon sanata, Guido Girardi. Jihar Colorado ta Amurka ta yi irin wannan doka a 2024. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta saka bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma bin kadin haƙƙi a kan kamfanin da sabarsa ke wata nahiya ba abu ne mai sauƙi ba. Maɓallin "na amince" da ake dannawa ba a karanta ba, a nan ya cancanci a karanta.

Giɓin da ya fi na'ura girma

Wani zai ce ai duk fasaha haka take farawa, da tsada da kurakurai, wayar hannu ma da sai masu kuɗi. Gaskiya ne, kuma babu dalilin yi wa binciken dariya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu farfaɗiya magani ba ya tsayar musu da ita gaba ɗaya, kuma su ne hasashe zai fi yi wa rana. Amma a duba ɗaya gefen alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa babu bugu idan an gano ciwon aka ba su maganin da ya dace, kuma kashi uku cikin huɗu na masu ciwon a ƙasashe matalauta ba sa samun wannan magani. Tsofaffin magunguna irin su phenobarbital da carbamazepine ba su da tsadar da ta kai ko kusa da ta agogo.

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, abubuwan da ke jawo farfaɗiya suna nan a fili: sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, doguwar naƙuda, da buguwar kai a hatsarin hanya. Likitocin ƙwaƙwalwa da na'urar EEG kuma sun taru ne a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutumin ƙauye da bai taɓa ganin likita a kan ciwonsa ba, buƙatarsa ta farko a gano abin da ke damunsa. A nan ne EEG mai sauƙin ɗauka ya fi amfani. Dakta Farrah Mateen, wadda a lokacin take aiki a babban asibitin Massachusetts, ta jagoranci gwajin wata hular EEG mai maɓalli 14 da ke haɗuwa da na'urar Android, a ƙasar Butan da kuma Konakiri ta ƙasar Gini, inda ake ɗaukar gwajin a tura wa ƙwararru a nesa su karanta. Hular ba ta kai na'urar asibiti kamawa ba, amma ta isa wuraren da babu ko ɗaya. Irin wannan fasaha ta fi cancantar kuɗin gwamnati da hankalin matasa masu ƙirƙira.

Abin da wayar aljihu za ta yi tun yau

Abu na farko bidiyo ne. Likita ba ya cika ganin bugu da idonsa, labari ake ba shi. Wani bincike da William Tatum na asibitin Mayo ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa haɗa bidiyon waya da bayanin majiyyaci ya ɗaga daidaiton ganewar likitoci daga kusan kashi 79 zuwa 95. Amma taimako ne farko: a janye mutum daga wuta ko ruwa, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa ko ruwa a baki. Yawunsa ba ya yaɗa ciwon, farfaɗiya ba a ɗaukar ta. Idan akwai mutum na biyu, shi ya ɗauki bidiyon, ya kama fuska da duk jiki. Bidiyon na likita ne kaɗai, ba ya hawa sitatus ko guruf ɗin 'yan uwa.

Na biyu agogon ƙirga lokaci. Bugun da ya wuce minti 5, ko wanda ya maimaitu mutum bai farfaɗo ba, na gaggawa ne, sai asibiti. Na uku ƙararrawar shan magani, domin tsallake ƙwaya da rashin barci suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Na huɗu rubutu: rana, lokaci, tsawon bugu, awa nawa aka yi barci, an sha magani ko an manta, akwai zazzaɓi ko al'ada. Tunda gwajin Melbourne ya nuna majiyyaci kan manta, a sa wanda suke kwana ɗaki ɗaya ya riƙa taya shi. Bayan wata shida wannan rubutu na iya nuna zagayen mutum, kuma shi ne irin bayanan da hasashen gobe zai ginu a kai.

Ga masu koyon rubuta manhaja, aikin da ke jira ke nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: manhaja da Hausa, mai aiki ba data, mai karɓar saƙon murya don wanda bai iya rubutu ba, mai kulle bayanai da lambar sirri a cikin wayar, mai fitar da taƙaitaccen shafi ɗaya da za a nuna wa likita. A gina ta da shawarar likita, kuma kada ta taɓa ce wa kowa "yau babu haɗari".

Wanda kuma aka kawo wa tallar na'ura, ya yi waɗannan tambayoyi kafin ya tura ko naira ɗaya. Ganowa take yi ko hasashe? Wace hukuma ce ta amince da ita, kuma da wane aiki takamaimai, tana da rajistar NAFDAC? A kan mutum nawa aka gwada ta, a gida ko a gadon asibiti? Sau nawa take ƙarar banza a rana? Tana aiki idan sabis ya ɗauke? Nawa ake biya duk wata, kuma ina bayanan ke zuwa? Idan mai sayarwa ya fara kame-kame, a riƙe kuɗin, a sayi maganin wata uku, a biya kuɗin mota zuwa wurin likita.